Neman kalma: cirewa iri biyar, kalma ɗaya

Malamar Kwamfuta: Assalamu alaikum. Ranar Asabar zan ɗauki darasin bidiyo kan JavaScript, yaren rubuta manhajar kwamfuta, na maƙale wajen neman kalmomin Hausa. Array dai, wato abubuwan da aka adana a jere, tuni muka tsaya a kan "jeri". Cirewa ce damuwata. pop na ɗauke na ƙarshe, shift na farko, splice na iya cire na tsakiya sauran su haɗe, delete ya cire ya bar wurin wayam, tsawon jerin bai ragu ba. filter kuwa ba ya taɓa na asali, sabon jeri yake ba ka. In na ce "cire" sau biyar, yara za su ɗauka abu ɗaya ne. Kuma a ƙarshe ina so in nuna musu yadda za su ƙara wa jeri remove da kansu, tunda yaren Python na da shi, JavaScript babu.

Ɗan Fagge: Wa alaikumus salam Malama. splice ai "zare" ne. Ki zare tsinke ɗaya daga tsintsiya, sauran su matse. delete kuma "bar giɓi". Ki ba su misalin sahu: wani ya fita, ko a matso a cike, ko a bar wurinsa.

Yaya Mai Fassara: Na yarda da zare. filter kuma "tace", kada ki ce "tsince". Mai tsintar shinkafa tsakuwa take nema ta yar. Mai tace ƙullu kuwa, abin da ya wuce ta rariya shi take so. Haka filter yake, wanda ya cika sharaɗi shi ke zama.

Ɗan Fagge: Amma Yaya, in aka tace ƙullu ai ƙullun ya tafi. filter na barin na asali yadda yake.

Yaya Mai Fassara: To a ce "tace a kwafi". Ya ma yi daidai da toSpliced da aka shigo da shi a 2023 tare da toSorted da toReversed: "zare a kwafi".

Baffa: Kwafi? Subhanallahi. Kun fara da kyau kun ƙare da Turanci. Ni shekara biyu ke nan ina cewa duk aikin da ke cirewa sunansa CIRAU. Cirau na gaba, cirau na baya, cirau na tsakiya. Ƙirar Hausa ce tsantsa, kamar mantau.

Malamar Kwamfuta: Baffa, a gafarce ni, ai shi ne abin da nake gudu, kalma ɗaya a kan komai.

Ɗan Fagge: Cirau kamar sunan ƙanen Jatau 😂

Baffa: Yaro, dariyarku ce ta sa har yau ba mu da littafin kimiyya na kirki. Ku ne masu cewa kwamfuta alhali ga na'ura mai ƙwaƙwalwa.

Ɗan Maraɗi: Baffa, na'ura ma ai daga Larabci muka samo ta. Kuma wa ya zauna da mu aka tsaya a kan "jeri"? Mu nan da Faransanci muka koya, tablo muke cewa. Kullum Kano ta yanke, sai dai mu ji a rediyo.

Yaya Mai Fassara: Tablo ai ba Hausa ba ce, ɗan uwa.

Ɗan Maraɗi: Kwafi fa?

Baffa: Yauwa. Allah ya yi maka albarka.

Ɗan Maraɗi: Ba bayanka na bi ba Baffa. Aro ba laifi ba ne, in dai ba a ce na Ingilishi halal na Faransanci haram ba.

Injiniya: Ku yi haƙuri in katse ku. Malama, batun ƙara remove a kan Array.prototype, wato tushen da kowane jeri ke gadon ayyukansa, ki haɗa da gargaɗi. MooTools, wani tsohon kundin kayan aikin JavaScript, ta yi irin wannan ƙari, shi ya sa da aka zo shigar da contains cikin JavaScript a hukumance sai da aka mai da shi includes. A 2018 ma flatten ya koma flat, don kada tsofaffin shafuka su lalace. Gara su rubuta aikinsu daban: indexOf ya nemo gurbin, splice ya zare. Kuma su duba ko indexOf ya dawo da -1, wato bai samu abin ba, in ba su duba ba na ƙarshe za a zare, wanda bai ji ba bai gani ba.

Malamar Kwamfuta: Na gode Injiniya, wannan zai shiga darasin. Saura abin da pop ke miƙo maka bayan ya cire, me zan kira shi?

Baffa: Fiddau. Tana nan tun kakanni, abin da aka fitar daga cikin kaya. In kun ƙi cirau, wannan dai ba ni na ƙirƙiro ta ba.

Yaya Mai Fassara: Fiddau na da warin abu marar kyau, shi kuwa na pop sau da yawa shi ake bukata. Amma ta fi "abin da aka cire" gajarta.

Malamar Kwamfuta: To ga inda na tsaya don Asabar: zare, bar giɓi, tace, fiddau. pop da shift zan ce "ɗauke na ƙarshe" da "ɗauke na farko" har a samu mafi kyau. Kwafi zan bar shi, Baffa, yara sun san shi daga shagon hoto. Ɗan Maraɗi, zan ambaci tablo sau ɗaya saboda masu kallo daga can.

Ɗan Maraɗi: Sau ɗaya. To, mun gode.

Baffa: Fiddau ta shiga, cirau na nan tafe. Ki turo min bidiyon kafin ki sake shi.