Zakara nawa ya dace da kaji mata 22?

Assalamu alaikum. Ina kiwon kajin gida a nan Maradi, mata 22 a fili ɗaya mai katanga, kuma batun yawan zakarun da zan bari a cikinsu ya hana ni sakat tun farkon bazara.

Da farko zakaru 5 gare ni. Kullum cikin faɗa suke har jini ya fito a kawunansu, matan kuma gashin bayansu da na ƙeyarsu ya tsige saboda yawan hawa, har wasu suka koma ɓuya a ƙarƙashin rumbu ba sa fitowa cin dusa sai da yamma, ƙwai ma ya ragu. Sai na kai 4 kasuwa na bar mafi girmansu, wanda ya haura shekara 3, kuma ina zargin a nan na yi kuskure, domin girman jikinsa na duba ban yi la'akari da shekarunsa ba.

Faɗa ya ƙare, gashi ya fara tsirowa, amma kaji biyu da suka yi kwanci a kan ƙwai 24 sun cika kwana 21, tsaki 9 kacal suka ƙyanƙyashe. Da na fasa baragurbin, yawancinsu babu alamar jini ko ɗan tsako a ciki, alhali ban canza musu abinci ko wurin kwanci ba.

Don Allah, masana kiwo, zakara nawa ya kamata in ajiye wa kaji 22 domin ƙwai ya riƙa ƙyanƙyashewa ba tare da faɗan ya dawo ba?