Masu hawan keke ranar Asabar a Sakkwato, mi ake samu in an shiga kungiyarsu?

Dan_Mabera:
Assalamu alaikum yan uwa. Don Allah wa ya san mutanen nan da ka bin hanyar jami'a ta Dundaye da kekuna da hular kwano ranar Asabar da sassafe, wani lokaci kuma hanyar Wamakko? An ce min kungiya ce. Likita ya ce in rika motsa jiki saboda hawan jini, ga gwiwata bata son gudu, kuma akwai tsohon Phoenix na babanmu aje a gida. Mi zan samu a kungiya wanda ba zan samu ba in ni kadai nike yawona? Kuma ana karbar mai irin kekena ko sai mai giya?

Malam_Arkilla:
Wa alaikumus salam kanena. Ina cikin daya daga cikinsu, bari in baka labarin tamu. Ba wani taro anka kira anka kafa ta ba, malaman makaranta ne da ma'aikata yan kadan da sunka saba fita bayan sallar asuba, wannan ya jawo abokinshi wancan ya jawo makwabcinshi har anka bude guruf a WhatsApp. Inda mutane sunka karu sosai shine bayan 29 ga Mayu 2023 da shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya kare, lita ta tashi daga kasa da naira 200 ta haura 500, sai kowa ya tuna yana da keke a zaure. Wasu don zuwa aiki sunka gyara shi amma dadin abin ya rike su.

Ku yara baku tarar ba, amma da can keke abin alfarma ne a kasar nan. Malamin makaranta da ya sayi Raleigh sabo har unguwa sai ta sani, a lokacin kamfanin ma yana da masana'anta a Kano. Zuwan babur ne ya sa anka koma kallon mai keke awa wanda ya rasa, kuma wannan kallon yana damuna har yau, don ya hana dattawa da yawa abin da zai taimaki lafiyarsu.

Amfanin farko shine rai. Kai kadai a bakin titi mai kabu kabu baya ganinka, balle manyan motocin siminti na hanyar Kalambaina, amma in kuna jere da riguna masu haske, gwani daya a gaba daya a baya yana tsare na karshe, dole direba ya sassauta. Kuma bamu barin kowa a hanya, in tayarka ta yi faci kowa zai tsaya, nan take za a koya maka cire tub da like shi, da daure burki, da maida sarka in ta zame. Akwai kuma adashe da muke yi duk wata, da shi da yawa sunka sayi keke mai giya na hannu, kuma wanda ya san kaya ne zai raka ka kasuwa kar a sayar maka da mai lankwasasshen firam. Phoenix dinka ya isa ka fara, kasarmu shimfide take, ba wasu tsaunuka.

Abu_Gwiwa:
Ni dai malam da girmamawa, ban ga dalilin biyan kudin wata don in hau keken da ni na saya ba. Na taba shiga wata, kullum maganar riga da anko, wanda baida keke mai tsada sai ya ji kamar bako. Sannan maganar tsaro fa, kowa ya san halin da gabashin jiha ke ciki, wajen Isa da Sabon Birni da Goronyo, kar zumudi ya kai mutane nesa da gari.

Malam_Arkilla:
Maganarka ta tsaro gaskiya ce Abu, shi yasa bamu wuce kewayen gari, kuma ba a sanar da hanya sai a cikin guruf. Kungiyar da ta maida hankali kan anko kuwa ta bar abin da ya tara ta. Kudin wata in ba a ga famfo da kayan faci da akwatin magani da anka saya da shi ba, ka tambayi ma'aji a gaban kowa, hakkinka ne.

Yar_Runjin_Sambo:
Yayana ka fara komawa wurin likitanka ya fada maka iya abin da zaka dauka, kuma kar ka bar shan maganinka don ka fara hawan keke. Zafin Sakkwato ba wasa bane, daga Maris zuwa Mayu yana wuce digiri 40, ka fita da asuba ka dawo kafin rana ta daga, da gorar ruwa. Lokacin hunturu kuma ka rufe hanci saboda kura. Dana yana binsu kuma wallahi na ga canji, ya rage kwana kan waya tunda ya san da asuba za a jira shi. Burinshi yanzu tsere, tunda ya ji labarin Ese Ukpeseraye da ta wakilci Najeriya a gasar Olamfik ta Paris 2024 da keken da tawagar Jamus ta ara mata. Abin ya bani tausayi, yarinya ta kai can amma babu keken tseren cikin fili da za ta hau. Burkina Faso nan kusa tun 1987 suke tseren Tour du Faso, mu ma in anka rike yaranmu da kyau za su iya.

Dan_Mabera:
Na gode kwarai, Allah ya saka da alheri. Malam to da azumi ya kuke yi? Kuma mi zan fara saye?

Malam_Arkilla:
Da azumi mafi yawa hutawa muke, masu karfi suna dan zagaya cikin gari bayan asham da fitila gaba da baya. Ka kai keken wurin mai gyara ya duba burki da tayu ya sa ma sarka mai, ka daga sirdin daidai tsawonka don gwiwar nan taka, sannan ka sayi hular kwano, ita ce kadai bamu daga ma kowa kafa a kanta. Ka zo Asabar ka gwada tukuna kafin ka biya ko sisi.