Kano zuwa Guangzhou, awa nawa ne a sama?

Maman Ikram: Salamu alaikum jama'a. Don Allah wanda ya taɓa zuwa Guangzhou ta China daga Kano ya taimaka min, zuwana na farko ke nan, kayan kicin zan saro kuma ina da alƙawari da masu kamfani ranar Litinin da safe. Mai yankar min tikiti ya ce ko ta Addis ko ta Alƙahira, wacce ta fi sauri? Ƙafata kumbura take in na daɗe a zaune.

Ɗan Kwari: Hajiya ki wuce garin Yiwu kawai, kayan kicin sun fi araha can.

Maman Ikram: Alhaji ai ba wurin sari na tambaya ba.

Injiniya: Nisan kusan kilomita 11,000 ne kuma babu jirgin da ke zuwa kai tsaye. Kano zuwa Addis awa huɗu zuwa biyar, daga can kuma wajen awa goma, ban da zaman jira. Sannan agogonsu na gaba da namu da awa 7, kar ki manta da wannan a lissafi.

Baban Sadik: Hmm lissafin takarda ke nan. Ni wani kamfani da ba zan kama suna ba, jirginsu ya makara daga nan, kafin mu sauka wanda za mu canza ya tashi, a kan kujerar ƙarfe na kwana na yi matashi da jaka ga sanyin esi, da ƙyar aka ba mu biredi da ruwa. Na isa filin jirgin Baiyun na Guangzhou akwatina bai iso ba, da kaftani ɗaya na yi ta yawo a unguwar Xiaobei, in wanke da daddare in saka da safe da danshinsa. Har yau ko haƙuri ba su ba ni ba.

Ɗan Kwari: Allah ya kyauta. Nawa ka yanka?

Baban Sadik: Miliyan ɗaya da rabi zuwa da dawowa.

Hajiya Mai Atamfa: Kai Baban Sadik yaushe rabonka da tafiya? Ni sama da miliyan biyu na biya.

Injiniya: Ya danganta da wata, Afrilu da Oktoba lokacin baje kolin Canton Fair ne kujera tsada take.

Baban Sadik: Malam kai ka taɓa hawa ne ko duk a Google kake gani?

Injiniya: Ko ban hau ba taswira ba ta ƙarya.

Auta: Anti ni dai ki saka ni a akwati, kilo 23 ne ni cif 😂

Hajiya Mai Atamfa: Ku bar zancen jirgi, masu kago su ne bala'in. An ce min kwana arba'in kayana za su iso, yau wata na uku, kullum sai kwantena na Legas ana kiliya, ga kuɗin sibiyem, wato na awon girman kaya, sun ƙara bayan mun gama magana.

Ɗan Kwari: Wallahi nawa katan biyu a jiƙe suka zo.

Maman Ikram: To jama'a Juma'a zan tashi ko Asabar?

Hajiya Mai Atamfa: Ɗan Kwari wa ke yi maka kiliya? Turo min ta inbos.