Wai Da Gaske Italiyawa Sun Fara Juya Wa Nama Baya?

Na Bolonya: Salamu alaikum 'yan'uwa. Jiya da yamma na shiga babban kantin unguwarmu sayen madara, sai na tsaya ina ƙirga. Madarar saniya kanta biyu. Madarar waken suya da ta shinkafa da ta ots da ta almon, kanta uku cur. Na zagaya wajen firij, ga boga ta wake, ga yankakken salame da bai taɓa ganin dabba ba. Lokacin da na zo ƙasar nan sai mutum ya sha yawo kafin ya samu irin waɗannan. Ni dai na faɗa, ku rubuta ku ajiye: Italiyawa sun fara barin nama, kuma 'ya'yanmu za su ga ranar da mahauci zai koma neman wata sana'a.

Mahaucin Modena: Wa alaikumus salam. Allah ya sa ba da ni kake ba. Ƙarfe huɗu na asuba nake shiga mayankar shanun da nake aiki, kuma tun da na fara ba a taɓa ce mana mu koma gida babu aiki ba. Kai da ke zaune a Bolonya, garin da su da kansu suke wa kirari da la grassa, wato mai kitse, garin tsiran mortadella da miyar nama ta ragù, kai ne za ka ce an bar nama? Ka je gidan Ba'italiye ranar Lahadi ka ga abin da ke kan wuta tun hantsi.

Na Bolonya: To ai shi ya sa abin ya ba ni mamaki. A wannan gari mai kitsen aka kafa Valsoia tun 1990, kamfanin da ya yi suna da waken suya. Granarolo ma, da kowa ya sani da madarar shanu, yanzu tana sayar da ta tsirrai. Mai nono ba ya tallan abin da zai kashe masa kasuwa sai ya ga inda masu saye suka nufa.

Ɗaliba a Padova: Yayyena, ku bari in sa lissafi a tsakani. Cibiyar Eurispes tana tambayar mutane duk shekara. A rahotonta na 2024, waɗanda suka ce ba sa cin nama kashi 9.5 ne cikin ɗari, a cikinsu kashi 2.3 ne kawai ba sa taɓa komai na dabba, har ƙwai da cuku. Shekarar da ta gabace ta kuwa jimillar 6.6 ce. Adadin yana hawa yana sauka kamar farashin tumatir. Kasuwar kayan da ake yi a madadin nama da madara ta haura Yuro miliyan 600 a shekara, kuma tana girma, wannan ba gardama. Amma a raba wa mutum kusan miliyan 59, kowa bai wuce Yuro goma da 'yan kai ba a shekara guda. Kuma kaso mafi tsoka a ciki na abin sha ne, ba na boga ba. Yaya na Bolonya, madara ka ƙirga, sai ka yanke wa nama hukunci.

Mahaucin Modena: Allah ya yi miki albarka ƙanwata. Yuro goma! Kuɗin kilo ɗaya na nama ke nan, wani wurin ma bai kai ba.

Na Bolonya: Ƙanwata, a yankinku fa aka yi abin da ya fi kowanne. Iyalin Tonazzo na lardin Padova suna harkar nama tun 1888. A 2024 suka ba da sanarwar rufe ɓangaren nama gaba ɗaya, suka riƙe kamfaninsu Kioene, mai yin boga da kayan lambu. Mahauta kaka da kakanni, shekara 136, suka ajiye wuƙa. A wannan shekarar ce kuma Ferrero ta fito da Nutella marar madara, aka sa ceci, wani wake mai kama da gurjiya, da zaƙin shinkafa a madadinta. Waɗannan mutane ba sa zuba kuɗi a rijiya.

Ɗaliba a Padova: Na san da maganar Tonazzo, kuma ta girgiza mutane a nan. Sai dai Ferrero ba ta janye tsohuwar Nutella ba, ta ajiye sabuwar ne a gefenta. Haka masu sayen suke. 'Yar ɗakinmu tana shan kapucino da madarar ots da safe saboda ta saniya tana kumbura mata ciki, da rana kuma ta yanka prosciutto, naman cinyar alade, ta cusa a burodi. Ita ce irin mai sayen da ke ɗaga kasuwar. Ku tambaye ta ko ta bar nama, dariya za ta yi muku.

Hajiya Mai Shago: Ku kuna ta lissafin Italiyawa, kun manta da mu. Ni a Biresha na ga Musulmi nawa suna ɗaukar kayan nan? 'Yan Maroko, 'yan Pakistan, 'yan Senegal, mu kanmu. Shekarata ta farko a ƙasar nan na yi wata uku ina ba yara piadina, wannan gurasar tasu, suna ci suna santi. Wata maƙwabciyata ce ta juya ledar ta ɗora yatsa a kan kalma ɗaya, strutto, ta ce Hajiya kitsen alade ne. Wallahi ranar ban iya cin abincin dare ba. Tun daga nan in na ga an rubuta vegano hankalina ya fi kwanciya, ba sai na sa tabarau ina bin ƙananan rubutu ba. To ni ma ina cikin masu ɗaga kasuwar, kuma jiya na dafa kan rago.

Malam na Berona: Hajiya, a ƙara kula. Vegano yana nufin babu dabba a ciki, bai ce babu giya ba. Burodin leda da yawa an rubuta a jikinsa cewa an fesa masa alcool don kada ya yi fumfuna, wasu kayan zaƙin kuma da barasa ake haɗa su. Malamai sun yi magana a kan wanda ke bushewa da wanda ba ya bushewa, ba nan ne wurinta ba. Amma kada tabarau ya yi nisa da jaka.

Hajiya Mai Shago: Na gode Malam. Ashe ba a rabu da Bukar ba.

Kawu na Napoli: Yara, tun ɗazu ina karanta ku. Shekara 26 ina kudancin ƙasar nan, bakwai daga ciki ina jinyar wani tsoho a gidansa, matarsa ce ke girki. Litinin taliya da wake. Talata taliya da dankali. Laraba lenticchie, wani ƙanƙanin wake. Juma'a ba a cin nama, al'adar Katolika. Nama sai Lahadi, shi ma ɗan kaɗan a cikin miyar tumatir don ya ba ta ɗanɗano. Tsohuwar nan ba ta taɓa jin kalmar vegano a ƙuruciyarta ba, sunan abin a wurinsu cucina povera, girkin talaka. A Puliya suna tuƙa waken fave su ci da ganyen cicoria mai ɗaci, a Palermo su soya garin ceci su kira shi panelle, a Jenowa su gasa shi ya zama farinata, a Toskana su sake tafasa miyar jiya da busasshen burodi su ce ribollita. Ba'amurken nan Ancel Keys a ƙauyen Pioppi ya zauna, kudu da nan, yana nazarin abin da ya sa zuciyar talakawan yankin ta fi ta attajiran ƙasarsa lafiya, shi kansa ya kai shekara 100. UNESCO ta sa wannan tsarin cin abinci cikin kayan gadon duniya a 2010. Cin nama kullum shi ne baƙo a Italiya, bayan yaƙin duniya na biyu ya shigo da kuɗi suka samu. Abin da ɗana na Bolonya ya gani a firij, waken kakarsu ne aka niƙa, aka matse shi kamar ƙosai, aka sa a kwali mai kore, aka ninka kuɗin.

Na Bolonya: Kawu, ban isa in ja da ku ba. Amma jikar tsohuwar nan tana tashi daga aiki ƙarfe bakwai, yaushe za ta jiƙa wake tun daren jiya? Kwalin nan take saya. Kuma in abin bai kai ya kawo ba, me ya sa gwamnati ta tsorata? Ba a yi wa abin da ba a tsoro doka.

Mahaucin Modena: Wace doka kuma?

Ɗaliba a Padova: Ta watan Nuwamban 2023 yake nufi. Majalisa ta haramta yi da sayar da naman da ake tsirarwa daga ƙwayoyin halitta a ɗakin gwaji, da tara daga Yuro 10,000 zuwa 60,000. Ministan noma Francesco Lollobrigida ne ya tsaya mata, ƙungiyar manoma ta Coldiretti ta tara sa hannun jama'a. A cikinta akwai sashen da ya hana a kira kayan tsirrai da sunan nama, irin su salame da bistecca. Abin dariyar, naman da aka haramta ɗin ba a ma fara sayar da shi ko'ina a Tarayyar Turai ba.

Mahaucin Modena: Ni wannan sashen na suna ya yi mini daidai. In wake ne a ce wake. Ko a gida, mai awara ba ta taɓa cewa tsire take sayarwa ba.

Na Bolonya: Amma ana ce mata ƙwai da ƙwai, kuma ba wanda ya kai ƙara wai an yaudare shi.

Ɗaliba a Padova: Yaƙin suna ya daɗe. Tun 2017 kotun Tarayyar Turai ta ce madara da cuku da man shanu sunaye ne na abin da aka tatsa daga dabba. Shi ya sa kwalin da Yaya yake kira madarar waken suya, in ya duba, bevanda aka rubuta, abin sha kawai. Amma latte di mandorla, wato madarar almon, an bar masa sunansa, don mutanen Sisili sun daɗe suna kiransa haka kafin a haifi kotun. Sannan akwai haraji: madarar saniya kashi 4, ta tsirrai kashi 22. Duk da wannan tsadar ake saye. A nan kam na ba Yaya gaskiya, mai biyan ƙarin nan da gaske yake so.

Na Bolonya: Alhamdu lillahi, yau ɗaliba ta ba ni maki ɗaya.

Ɗan Fojiya: Ni ban so in sa baki ba. Ana cewa masu sayen kayan nan tausayin dabbobi ne ya sa su, ban musa ba. Kaka uku na yi ina tsinkar tumatir a gonakin Fojiya. Akwati ake biya, babban akwatin da ke cin kilo ɗari uku, kana cikawa tun duhun asuba har rana ta dake ka. Mai kai mu gona ya cire kuɗin mota, ya cire na ruwan sha, ya cire na burodi. An yi dokar hana wannan cin zalin 'yan kwangilar lebura, da suke kira caporalato, tun 2016, amma a 2024 kowa ya ji yadda Satnam Singh, ɗan Indiya, ya rasu a asibiti a Roma bayan inji ya cire masa hannu a gona a Latina aka yar da shi a ƙofar gida. Gonar kayan lambu ce, ba mayanka ba. In na ga kwali an zana ganye an rubuta babu zalunci, sai in duba tafin hannuna.

Kawu na Napoli: Allah ya saka maka ɗana. Wannan ba ta da amsa.

Mahaucin Modena: Mu ma a mayanka yawancinmu baƙi ne, ta hannun 'yan kwangila. Kuma shanun da ake tatsa don cukun Parmigiano, Indiyawa 'yan Sikh ne ke kwana da su a garke. Ko Italiyawa sun koma wake ko sun tsaya a nama, bayanmu ne zai yi ciwo.

Na Bolonya: To na rage kuɗin maganata. Ban ce gobe ba. Amma ɗana na aji uku a firamare ya dawo yana ce mini saniya tana ɗumama duniya, kuma ya ga yadda kogin Po ya ƙafe a 2022 har ana tafiya a kan yashinsa. Waɗannan yaran ne za su riƙe keken sayayya nan gaba.

Mahaucin Modena: Ɗan naka me ya ci ranar Babbar Sallah?

Na Bolonya: Bar wannan maganar.

Hajiya Mai Shago: Ni kun ba ni shawara ba ku sani ba. Ɗan mitsitsin tofu da bai cika tafin hannu ba suna sayar da shi Yuro biyu da wani abu, fari fat, ba gishiri ba yaji. Ni kuwa tun ina 'yar shekara goma sha biyu nake yin awara a Agadas, da ruwan tsami, a soya ta ta yi ja, a barbaɗa yaji. Wata Ba'italiya da ke zuwa sayen doya ta ɗanɗana a shagona, ta cinye guda biyar a tsaye, ta tambaye ni wane irin cuku ne. Ƙanwata ta Padova, ki bincika mini takardun da hukumar lafiya ke nema kafin a sayar da dafaffen abinci a shago. Kuma tunda kin ce an hana a ce cuku, me zan rubuta a jikin robar?

Ɗaliba a Padova: Ki rubuta awara, Hajiya. Sun koyi faɗin sushi da kebab, za su koyi wannan. Zan turo miki bayanin takardun bayan jarrabawata ta Alhamis.

Mahaucin Modena: A ajiye mini ta Yuro biyar. Sai da safenku, ƙarfe uku zan tashi.