Wane suna ya dace da manhajar da ke lissafa haƙƙin ma'aikata?

Assalamu alaikum, malamai masu aikin fassara da 'yan'uwa ma'aikatan sashen albashi. Tambayar da ke gabanmu ita ce sunan da za a ba manhajar da ma'aikatu da kamfanoni ke lissafa abin da kowane ma'aikaci zai karɓa da ita, wadda a Ingilishi ake jingina ta ga kalmar compensation. Na ga wasu sun fara rubuta "manhajar diyya", kuma ina roƙon mu tsaya mu duba kafin sunan ya kama bakin jama'a.

Diyya a wurin Bahaushe kuɗi ne da ake biyan wanda ya yi asara, ko ta rai, ko ta gaɓa, ko ta gonar da hanya ta bi ta kanta. A wurin aiki ma tana da gurbinta, domin dokar da aka kafa a Najeriya a 2010 ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata ya zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a asusun da hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF ke kula da shi, daga nan ne ake biyan wanda ya ji rauni ko ya rasu a bakin aiki. Wannan ita ce diyyar ma'aikaci. Idan muka sa wa lissafin wata-wata wannan suna, ranar da aka rubuta wa iyalan mamaci takarda ba za su san ko ragowar albashinsa ake nufi ko kuɗin asarar da suka yi ba.

Wani malami ya kawo shawarar "manhajar albashi", kuma shawara ce mai ƙarfi, tunda ba wanda zai nemi a yi masa bayaninta. Kusan haka gidajen rediyo ke kiran IPPIS, wato tsarin biyan albashi na bai-ɗaya da gwamnatin tarayya ta fara a 2007 don maganin ma'aikatan bogi, wanda ofishin Akanta Janar ke tafiyar da biyan kuɗinsa. Sai dai, Allah ya gafarta malam, albashi ɓangare ɗaya ne na abin da manhajar ke riƙe da shi. Akwai alawus-alawus, akwai ariyas na ƙarin girma, akwai kuɗin hutu da na aikin da ya wuce lokacin tashi. Mu tuna cewa babban ƙorafin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU a kan IPPIS ya shafi waɗannan abubuwa ne na gefen albashi, irin haƙƙin malamin da ke zuwa wata jami'a koyarwa na aro, da wanda ya tafi hutun bincike na shekara, da alawus na ƙarin aiki. Abin da ya sa ƙungiyar ta fito da tata manhajar mai suna UTAS ke nan, har a Disamba 2023 majalisar zartarwa ta tarayya ta amince a cire manyan makarantu daga tsarin IPPIS. Sunan da ya tsaya a kan albashi kawai ya bar ainihin wurin da rigima ke tashi a waje.

An kuma ambaci lada, kuma kalmar tana da asali, don kowa ya san hadisin da ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. Amma kunnen mai karatu a yau, da ya ji lada, sai ya tafi lahira ko wurin leburan da ake sallama da yamma. La'ada kuwa ta dillali ce.

Saboda haka abin da nake gani ya fi dacewa shi ne "manhajar biyan ma'aikata". Ba ta ƙayyade irin kuɗin ba, ta ɗauki na dindindin da na wucin gadi, kuma ba ta shiga gonar diyya ba. Mai riƙe da ita, wanda ke buɗe wa sabon ma'aikaci shafi, ya sa matakin albashinsa, ya kuma ƙayyade wanda ke da ikon canza lambar asusu, sai mu kira shi jami'in kula da manhajar.

Saura aikin da masu kwamfuta ke kira troubleshooting. Mutane da yawa suna cewa gyara, amma gyaran shi ne mafi ƙanƙanta a aikin. Idan an yi wa ma'aikaci ƙarin girma daga mataki na 8 zuwa na 9 kuma kuɗinsa bai motsa ba, jami'in zai fara duba ranar da aka shigar a matsayin farkon aikin ƙarin girman, sannan ya duba ko jadawalin albashin da manhajar ke karantawa shi ne sabo, musamman bayan mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a 2024. Idan lissafi ya fita daidai amma kuɗi ba su shiga ba, sai ya koma kan lambar asusu mai alƙaluma goma, da ko sunan da ke manhajar ya yi daidai da na BVN. Idan kuwa kuɗin fansho ne ya sauka ba daidai ba, zai bincika ko kashi 8 na ma'aikaci da kashi 10 na mai ɗaukar ma'aikata, kamar yadda dokar 2014 ta tanada, an ɗora su a kan gundarin albashi haɗe da kuɗin gida da na sufuri, ko a kan gundarin kawai. Wannan bin sawu ne mataki-mataki, shi ya sa na zaɓi "bin diddigin tangarɗa", tunda tangarɗa ta riga ta zauna a bakin mutane wajen maganar na'ura.

Abu ɗaya nake so ma'aikatan sashen albashi su kiyaye a takardar albashi. Kalmar zaftarewa tana ɗauke da zargi, ana faɗinta ne idan an rage wa mutum kuɗi ba bisa ƙa'ida ba. Haraji da fansho da kashi 2.5 na asusun gidaje, waɗannan a rubuta su a ƙarƙashin "abin da aka cire bisa doka", a bar zaftarewa ga takardar ƙorafin da ma'aikaci zai kawo wa jami'in ya bi diddiginta.