Daga ina jiki ke samun kuzari lokacin azumi?

Ɗaliba: Malamai, idan mutum ya wuni bai ci komai ba, daga ina ƙwayoyin halittar jikinsa suke samun kuzari?

Malamin kimiyya: Bayan sahur, hanta tana adana sukarin gulukos a matsayin gilaikojin (wato sukarin ajiya), kimanin giram 100, sannan ta riƙa sakinsa cikin jini sannu a hankali. A cikin ƙwayar halitta kuma, wani ƙaramin sashe mai suna mitokondiriya ne ke ƙarasa ƙona shi da iskar oksijin domin samar da sinadarin ATP mai ba ƙwayar kuzari, kusan guda 30 daga kowane gulukos ɗaya.

Ma'aikaciyar jinya: Ƙari a kan bayanin Malam, idan ajiyar hanta ta ragu, jiki yakan ƙara dogaro da kitse, wanda kuzarinsa ya ninka na sukari fiye da sau biyu.