Shin zan iya canza bel ɗin tayimin na Hilux mai dizal da kaina a gida?

Mai Dankali, Unguwar Rogo:

Assalamu alaikum. Ina da a-kori-kura ƙirar Toyota Hilux mai injin dizal samfurin 5L, wadda na saya a hannu shekara biyu da suka wuce, kuma da ita nake ɗauko dankalin Turawa daga Bokkos da Mangu zuwa kasuwar Farin Gada a nan Jos. Mitarta tana nuna kilomita 187,000, amma wanda ya sayar mini da ita bai iya gaya mini lokacin da aka canza mata bel ɗin tayimin ba, sannan fitilar T-BELT da ke gaban direba, mai tunatar da lokacin canza bel ɗin, ba ta taɓa kamawa ba tun da motar ta zo hannuna.

Lafiyar motar ƙalau, ba ta hayaƙi, ba ta wani baƙon ƙara. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne, a watan jiya bel ya tsinke wa wani abokin sana'ata a Hawan Kibo yana ɗauke da kaya, kuma har yau motarsa tana gareji an sauke mata tofsilinda. Ina so in canza nawa kafin kakar dankali ta kankama. Da hannuna nake juyen baƙin mai, nake canza filta da fanbel da takalmin birki, amma ban taɓa buɗe gaban inji ba. Tambayata ga masana ita ce, aiki ne da mutum irina zai iya yi a tsakar gidansa, ko kuwa ganganci ne?

Tsohon Bakanike, Dilimi:

Wa alaikumus salam. Malam, shawarar canzawar daidai ce, kuma kada lafiyar motar ta ruɗe ka, domin wannan bel ba ya yin gargaɗi kafin ya tsinke. Injin 5L mai silinda huɗu ne, girmansa cc 2,986, kuma yana matse iska kusan ninki 22, wato idan fistin ya kai ƙarshen hawansa ratar da ke tsakaninsa da bawul ba ta taka kara ta karya ba. Bel ɗin ne yake haɗa karanshaf da kamshaf da famfon injekta su yi tafiya a kan lissafi ɗaya. Da zarar ya tsinke kamshaf zai tsaya da wasu bawul a buɗe, fistin kuma ya ci gaba da hawa ya doke su, su lanƙwashe, wani lokaci har kamshaf ɗin kansa ya karye. Abin da ya sami abokinka ke nan. A wannan dangin injin, wato 2L da 3L da 5L, ƙa'idar da muka saba aiki da ita ita ce canji a kowane kilomita 100,000, saboda haka ko da mitarka gaskiya take faɗa, kana dab da canji na biyu.

Game da yin aikin a gida, zai yiwu, domin injin ne mai sauƙin kai. Bayan ka cire kan batir, ka sauke fanka da fanbel da babban fulin karanshaf da murfin tayimin, sai ka juya injin da hannu ta ɓangaren da yake juyawa in yana aiki, har alamomi uku su zauna a kan saitinsu: ta karanshaf, ta kamshaf, da ta fulin famfon injekta. Idan ka kwance hitocin injin tukuna, wato fulogogin da ke ɗumama shi kafin a tayar, juyawar za ta yi maka sauƙi ƙwarai. Kada ka taɓa tsohon bel sai ka ga alamomin nan uku da idonka, ka ɗauki hotonsu da waya, ka kuma ƙara taka alamar da farin fenti. Daga lokacin da bel ya fita, ba a juya karanshaf shi kaɗai, ba a juya kamshaf shi kaɗai. Fulin famfon injekta kuwa yana da halin zillewa daga saitinsa saboda sifirin da ke cikin famfon, kuma a nan ne sababbin hannu suka fi kuskure, su ɗora bel da ratar haƙori ɗaya ba su sani ba. Motar za ta iya tashi a haka, amma da wahala, da farin hayaƙi ko ƙwanƙwasa, ga rashin ƙarfi, balle a sanyin asubar Jos lokacin hunturu.

Bayan ka ɗora sabon bel ka saki tenshina, wato fulin da ke tamke bel ɗin, ka juya karanshaf zagaye biyu cikakku da hannu, sannan ka sake duba alamomin. Dalilin zagaye biyun shi ne, kamshaf da famfo zagaye ɗaya suke yi a duk zagaye biyu na karanshaf. Idan kana juyawa ka ji abu ya tokare, ka tsaya nan take, kada ka sa ƙarfi, kuma kada ka kuskura ka murza makulli.

Injiniya a Apo, Abuja:

Baba ya yi bayani gamsasshe, kuma ba ni da ja a kan ko ɗaya daga cikin matakan da ya kawo. Sai dai ina neman afuwarsa, ni ban goyi bayan Malam ya yi wannan aiki shi kaɗai a karon farko ba, kuma dalilina bai shafi alamomin ba, ya shafi notin da ke riƙe da fulin karanshaf. Wannan noti a ɗaure yake tamau, kuma sifanar da mutum yake juyen mai da ita ba za ta motsa shi ba. Ana bukatar ƙarfen riƙe fulin, da dogon hannu, da fula, wato ƙarfen zaro fulin, sannan wajen mayarwa ana bukatar sifana mai awon ƙarfin ɗauri domin a ɗaure shi daidai da adadin da littafin injin ya tanada. Na ga motar da aka canza wa bel lafiya lau, amma aka ɗaure notin da ƙiyasi, bayan 'yan makonni ya saki, fulin ya riƙa wasa har ya cinye mazaunin kii a bakin karanshaf. Gyaran da aka shiga domin gudun asara sai ya jawo sauke inji gaba ɗaya. Akwai kuma dabarar da wasu yara ke yi ta tokare sifana da shasi a buga kik domin notin ya saki. Tana aiki a wasu lokuta, amma na ga ta fasa lagireto, kuma ba zan so a gwada ta a gidan da yara ke kai-kawo ba.

Magana ta biyu ita ce kaya. Jabun bel a cikin kwali mai sunan kamfani ya yi yawa a kasuwa, kuma jabu sabo ya fi tsohon bel na asali haɗari. Ka je da lambar shasi wurin dillalin da ka amince da shi, ka ƙirga haƙoran sabon ka gwada da na tsohon, ka duba faɗinsu. Kuma ba bel kaɗai ake canzawa ba. Sau da yawa boris ɗin tenshina ko na ɗaya fulin ne yake ƙagewa ya ƙona bel, saboda haka a saye su tare da ƙaramin sifirin tenshinar a canza gaba ɗaya. Abin da nake ganin ya fi shi ne, Malam ya sayi kayan da kansa, ya biya ƙwararren bakanike ya zo gidan da kayan aikinsa, shi ya yi aikin da hannunsa, bakaniken yana tsaye a kansa.

Direban Bukuru:

Ina so in ƙara abu biyu a kan abin da manya suka faɗa. Fitilar T-BELT ba ta san halin da bel yake ciki ba, kilomita kawai take ƙirgawa, kuma ana iya kashe ta ba tare da an canza komai ba, ko a cire ƙwan nata ɗungurungum kafin a sayar da mota. Ka murza makulli ba tare da ka tayar da injin ba ka gani ko tana kamawa tare da sauran fitilun. Mitar motocin hannu kuma, kowa ya san ana mayar da ita baya.

Sannan tunda gaban injin zai kasance a buɗe, ka duba sil ɗin karanshaf da na kamshaf. Idan akwai danshin baƙin mai a cikin murfin, to sai an canza su, domin mai yana kumbura robar bel ya sa haƙoransa su zube tun kafin lokaci. Famfon ruwa ma fanbel ne ke juya shi, amma babu lokacin da ya fi sauƙin kai masa hannu kamar wannan. Ni ban canza nawa ba don tsimi, bayan wata huɗu ya fara yoyo, na sake biyan kuɗin buɗe wurin.

Mai Dankali, Unguwar Rogo:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na bi shawarar Injiniya, na ɗauko wani bakanike daga Farin Gada ranar Asabar, muka fara da hantsi muka gama bayan La'asar. Gaskiyarsa ce a kan notin, domin mu biyu muka taru a kan dogon bututu kafin ya saki. Da muka buɗe murfin sai muka tarar bayan bel ɗin ya tsattsage kamar ƙasar fadama da rani, boris ɗin tenshina yana ƙara idan an juya shi da yatsa, sil ɗin kamshaf kuma yana tsattsafo da mai kamar yadda ɗan'uwa na Bukuru ya yi hasashe. Fitilar T-BELT ɗin ma ashe babu ƙwai a cikinta.

Baba, abin da ka faɗa game da fulin famfon injekta ya faru da ni. A ɗorawar farko, bayan zagaye biyu, alamarsa ta kauce da haƙori ɗaya, muka sauke bel muka sake, a karo na biyu duka ukun suka zauna. Motar ta tashi a bugu ɗaya, kuma jiya na je Mangu na dawo da buhu goma sha biyu. Na rubuta kwanan wata da adadin kilomita da fenti a jikin murfin tayimin. Famfon ruwan ne kawai ban samu wanda hankalina ya kwanta da shi a Dilimi ba, na mayar da tsohon tunda ba ya yoyo kuma ba ya wasa. Injiniya, idan ana samun na asali a Apo, ina da mai shigowa Abuja ranar Alhamis da zan iya ba shi lambar shasin.